Babi na Biyar: Dawa Iri-Iri da Abin da Ke Cikinta

A ƙarshen watan Satumba da farkon Oktoba, lokacin da manomin tudu ya fara wasa magirbinsa, a kwarin Binuwai kusa da Garwa da filayen da ke kewaye da Marwa wani noman ne yake farawa. Ƙasar wurin baƙar laka ce wadda Fulani ke kira karal, mai shan ruwa ta kumbura da damina, ta daddare da rani har hannun mutum ya shige tsagarta. Da ruwa ya janye sai a sheme ciyawa a banka mata wuta, a je a ciro dawar da aka yafa a gadon reno tun watan Agusta, a datse mata ganye da saiwa. Mutum ɗaya na gaba da gungumen sanda mai tsinin ƙarfe, yana ɗagawa da hannu biyu yana cakawa, wani na biye yana tsiyaya ruwa kaɗan a ramin, na uku yana zura dashe bibbiyu. In ba a yi sa'ar wani yayyafi na ƙarshen damina ba, daga wannan ruwan dawar ba za ta ƙara ganin ɗigo ba. Da laimar da ke ƙarƙashin laka za ta rayu cikin hazo da sanyin hunturu, har a yanke ta a Janairu ko Fabrairu. Ita ce masakwa ta mutanen Barno, muskuwari a bakin mutanen arewacin Kamaru. Daga Barno ta bazo kudu, kuma tun daga tsakiyar ƙarni na 20 gonakinta suka yi ta faɗaɗa, har ta zama abin da gidaje da yawa ke dogara da shi in damina ta ci amana.

Wanda ya tsaya a bakin irin wannan gona lokacin girbi zai lura cewa muskuwari ba abu ɗaya ba ce. Akwai safrari mai ƙwaya rawaya, wadda ta fi daraja a kasuwa, akwai majeri fara, akwai ajagamari, akwai burguri mai ɗan bauri, kuma kowace a cikinsu tana da rassa da sunayensu. Wata zangarniyarta dunƙulalliya ce, wuyanta ya lanƙwashe ta dubi ƙasa, wata tsaye take ƙiƙam. Manomi ya san wadda ke son laka mai zurfi da ruwa ya daɗe a kai, ya san wadda ke haƙuri da gefen karal inda ƙasa ke saurin bushewa. Jami'in gona da ya koyi aikinsa a kan iri ɗaya mai tsayi ɗaya mai nuna rana ɗaya yakan ɗauki wannan a matsayin hargitsi da ya kamata a gyara. Ni kuwa ina ganin wannan hargitsin shi ne babbar dukiyar noman arewacin Kamaru, kuma dukiya ce da ba ta zama lafiya sai ana shuka ta kowace shekara. Binciken ƙwayoyin gado na shekarun nan, wanda wasu ke zaton zai kawo ƙarshen irin gargajiya, shi ne ma ya fi kowa tabbatar da haka.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta dawa akwai abin da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda tsiron zai kasance. A 2009 masana suka kammala karanta na dawa, suka tarar da ƙwayoyin gado fiye da dubu 30, kowace da aikinta: wata launi, wata tsayin kara, wata lokacin fid da kai. Umarnin nan kamar littafi ne da ake ta kwafa da hannu tun kaka da kakanni. Jefi-jefi harafi kan sauya ko layi ya faɗi, sai kwafin wannan gida ya ɗan saɓa da na wancan. Yawancin sauye-sauyen ba su da wani tasiri, wasu suna cutarwa, kaɗan kuma suna zuwa da amfani. Noman dawa kansa daga irin wannan sauyi ya samo asali. Dawar daji da ta nuna sai ta zubar da ƙwayarta ƙasa. A 2012 aka gano ƙwayar gadon da ke sa wannan zubarwa, Sh1, aka kuma ga cewa a dawar gida ta lalace, shi ya sa ƙwaya ke maƙale a zangarniya har manomi ya zo. Tsofaffin tukwanen da aka tono kusa da Kassala a gabashin Sudan sun nuna sawun irin wannan dawa tun kimanin shekara dubu 5 da suka wuce. Tun daga lokacin hannun manomi ke zaɓe, ƙasa da ruwa da tsuntsu da cuta su ma suna nasu zaɓen, har aka sami manyan jinsuna biyar da masana Harlan da de Wet suka tsara a 1972. Farafararmu tana cikin jinsin gini, kaura kuwa gaurayen dura da kaudatum ce.

Duba baurin burguri, ko na jar dawar damina da ake kira njigari. Matar da ke tuƙa tuwo ta fi son fara, tuwonta ya fi kyan gani da daɗin haɗiya, kuma masana abinci sun tabbatar cewa sinadarin tanin da ke kawo baurin yana rage abin da jiki ke samu daga hatsin. Da ɗanɗano kaɗai ake bi, da tuni an daina shuka mai bauri. Amma duk wanda ya ga garken tsuntsun jan-baki ya sauka a gona ya san dalilin da ya sa ba a daina ba. A 2012 aka gano ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan sinadari, Tan1, daga baya kuma gwaji ya nuna tsuntsaye suna ƙaurace wa ƙwaya mai tanin in suna da zaɓi. Wani binciken na 2019 ya ɗora taswirar dawa mai tanin a kan taswirar ɓarnar jan-baki a Afirka, ya ga inda tsuntsun ya fi yawa nan mai bauri ta fi yawa. Wato manomin da ya ajiye mai bauri kusa da mai daɗi ya sayi kariya ne da ɗan raguwar ɗanɗano, kuma ya yi lissafinsa daidai tun kafin a san sunan Tan1.

Batun lokacin fid da kai ya fi wannan ban mamaki. Dawar gargajiya ta damina tana auna tsawon yini. Ko an shuka ta da ruwan farko a watan Mayu, ko ruwa ya yi jinkiri an shuka a ƙarshen Yuni, ba za ta yi ciki ba sai yini ya gajarta zuwa wani ma'auni, don haka kusan lokaci ɗaya za ta fid da kai. A 1968 wani masani mai suna Curtis ya wallafa bincikensa kan dawar Najeriya, inda ya nuna cewa dawar kowane yanki tana fid da kai ne daidai da lokacin da damina ta saba ɗaukewa a wannan yankin. Hikimar a fili take. In ƙwaya ta nuna ana tsakiyar ruwa, sai ta yi funfuna ta baƙanta; in ta makara, fari ya same ta tana madara. Garwa na samun ruwa wajen milimita dubu a shekara, Marwa wajen 800, damina kuma ta fi daɗewa a kudu, saboda haka dawar mbayeri mai jinkiri da ta dace da ƙasar Binuwai ba za ta kai labari a Mora ba. An san ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki, babbarsu ita ce Ma1. Da Amurkawa suka so amfani da dawar Afirka a ƙasarsu, inda yinin bazara ke da tsawo, sai da suka kafa shiri na musamman a 1963 don cire mata wannan hali da rage mata tsayi, domin injin girbi. Abin ya yi musu daidai. Kuskuren da aka yi shi ne zaton cewa abin da ya zama cikas a Amurka cikas ne a nan, har aka daɗe ana kallon auna yini a matsayin aibin da za a raba dawarmu da shi.

Sai ƙuduji, wuta-wuta, wanda ya kori mutane da yawa daga gonakin da suka gaji. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai barkatai, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma ba su tsira ba sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009, ya shafe shekaru da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue suna bin diddigin wata dawa da ƙuduji bai cika kamawa ba. A 2017 suka bayyana sirrin: ƙwayar gado ɗaya, LGS1, ta lalace a cikinta, sai saiwar ta koma fitar da wani sinadarin daban wanda ba ya tayar da irin ƙuduji sosai. A 2020 wasu masanan suka binciki dawar gargajiya ta ƙasashe da dama, suka ga wannan lalacewar ta faru fiye da sau ɗaya, kuma ta fi yawa a wuraren da ƙuduji ya fi addaba, ciki har da Afirka ta Yamma. Sun kuma ga alamar cewa tana da farashi, domin tana taɓa wasu ƙwayoyin gadon da ke aikin sarrafa hasken rana. A nan ne gaba ɗaya maganar ta taru. Babu ƙwayar gadon da ke da kyau a ko'ina. Bauri riba ne inda tsuntsu yake, asara ne inda babu shi. Lalacewar LGS1 ceto ce a gonar da ƙuduji ya cinye, nauyi ce a gona mai lafiya. Muddin ƙasa da shekara suna sauyawa, tambayar wane iri ne ya fi kowanne ba ta da amsa guda.

Mutanen Dupa, a duwatsun Poli da ke kudu da Garwa, sun kai wannan fahimta inda ba kowa ya kai ta ba. A ƙauyen Wante, Adeline Barnaud da abokan aikinta sun ƙirga nau'in dawa 46 da manoma ke bambancewa, a binciken da suka wallafa a 2007. Ba a ware kowane nau'i a gonarsa. A gauraye ake shuka su, kimanin 12 a gona ɗaya. Mutum zai yi zaton bayan 'yan shekaru duk za su narke su zama abu guda, tunda iska na ɗaukar bununi daga wannan kai zuwa wancan. Da aka auna DNA ɗinsu sai aka ga manyan rukunonin sun ci gaba da zama daban, ko da yake akwai cuɗanya a tsakani. Dalili ɗaya shi ne ba duka ke barbara da maƙwabta daidai ba: a wasu nau'o'in kashi 5 cikin 100 ne kawai na ƙwaya ke samun bununi daga wani tsiro, a wasu har kashi 40. Ɗaya dalilin shi ne idon manomi, wanda ke tsamo zangarniyar da ta cika siffar nau'inta ya ajiye ta iri. A gefen gonakin kuma akwai dawar da ke tsira da kanta, gauraye tsakanin ta gida da ta daji, wadda ake cirewa amma ba a ƙarar da ita. Ƙofa a buɗe take sabon gado ya shigo, akwai kuma mai gadi a bakinta. Wannan aikin kiwon iri ne cikakke, ko da babu wanda ke karɓar albashi a kansa.

Ba mutum kaɗai ke riƙe bambanci ba, haka abin yake a daji ma. Itacen wolnot, mai 'ya'ya masu ƙwanso da ake nomawa a Iran da Turkiyya da Sin da Kalifoniya, yana fitar da furen namiji da na mace a jiki ɗaya, amma ba lokaci guda ba. Wasu itatuwan namiji ke riga fitowa, wasu mace, kuma a daji kusan rabi da rabi suke, ta yadda bununin wannan ke samun furen wancan a buɗe. Darwin ya ambaci wannan hali tun 1877. A farkon 2025 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa wani ɗan yanki na DNA mai fuska biyu ke sarrafa shi, kuma fuskokin biyu suna tafe tare kimanin shekara miliyan 40, babu wadda ta kori 'yar'uwarta. In ɗaya ta yi ƙaranci sai ta fi samun abokan barbara, ta sake yawaita. Itacen ya kauce wa auren kansa, zuriyarsa ta ci gaba da fitowa iri-iri.

To amma mai ƙalubale zai ce duk wannan daɗin baki ne, mutane kuwa tuwo suke ci. Dawar gargajiya a gonar talaka da ƙyar take ba da tan ɗaya a hekta, jama'a na ƙaruwa, ƙasa na gajiya, kuma wanda ke yabon irin kakanni galibi ba shi ne ke kwana da yunwa a watan Agusta ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma arewacin Kamaru na da misalin da ke goyon bayanta. Dawar S35, wadda asalinta daga cibiyar ICRISAT take, aka tace ta a tashar bincike ta Marwa, ta yi abin a zo a gani a gwajin gonakin manoma cikin farin 1984, lokacin da dawar gida da yawa ba ta kai ga ƙwaya ba. Aka sake ta ga manoma a 1986, ta ƙetara har Cadi, ta ciyar da gidaje. Babu mai hankalin da zai ce da ba a kawo ta ba. Sai dai a bi labarin zuwa gaba. A shekarun da ruwa ya wadata fifikonta kan ragu ƙwarai. Farar ƙwaya ce marar bauri mai saurin nuna, don haka in ita kaɗai ta nuna a unguwa tsuntsaye a kanta suke tarewa, in kuma an shuka ta da wuri ta nuna cikin ruwa, funfuna ya kama ta. Manoma ba su yar da ita ba, ba su kuma yar da njigari dominta ba. Sun ba ta gefe a gona a matsayin maganin shekarar fari. Abin da suka yi shi ne daidai, kuma shi ya kamata ya zama manufa: sabon iri ya shigo ya ƙara yawan abin da ke hannun manomi.

Abin da ke faruwa in aka bi ɗaya hanyar sananne ne. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda mafi yawan irin da aka shuka a faɗin ƙasar gadon uwa ɗaya suke ɗauke da shi, cutar kuwa ta san makamarsa. A ƙasar Hausa ba a manta da 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta lalata wajen hekta dubu 700 a arewacin Najeriya, ta ƙarasa abin da fari ya fara, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Juriyar da masana suka yi aiki da ita wajen fito da gyaɗar da ke tsallake wannan cuta daga gonakin talakawa aka samo ta, a kan iyakar Burkina Faso da Kodebuwa, tun shekarun 1950. Kaurarmu mai rawayar ƙwaya ma a waɗannan shekarun aka kai ta Amurka, ta shiga jinin dawar da suke nomawa. Masanin da ke ɗakin gwaji, har da mai sabuwar fasahar gyaran DNA, yana buƙatar ya san wace ƙwayar gado zai taɓa, kuma kusan kullum wata tsohuwar dawa ce daga gonar wani ke nuna masa.

Za a ce to ai an tara irin a rumbunan sanyi. ICRISAT na ajiye da samfurin dawa wajen dubu 40 a Indiya, tana da wani rumbun a Sadore kusa da Yamai, akwai kuma na Svalbard cikin ƙanƙarar Norwe da aka buɗe a 2008. Aiki ne mai kyau, kuma ranar da yaƙi ko fari ya share wani yanki, can za a koma. Amma irin da ke cikin sanyi yana nan yadda aka sa shi, duniya kuwa ba ta tsaya ba. Nijar ta ba da hujja a kan haka. An tattara irin gero a ƙauyuka a 1976, aka koma waɗannan ƙauyukan aka sake tattarawa a 2003, bayan fare-faren da suka biyo baya, aka shuka tsoho da sabo kafaɗa da kafaɗa. Sakamakon da Yves Vigouroux da abokansa suka wallafa a 2011 ya nuna geron 2003 ya fi saurin fid da kai, kuma fuskar ƙwayar gadon PHYC mai kawo saurin nuna ta kusa ninkawa a cikinsa. Sunayen geron ba su sauya sosai ba, cikinsa ne ya sauya, ya bi gajartar damina cikin shekara 27. Da a cikin tsohon geron babu bambanci, da babu abin da fari da manomi za su zaɓa.

Wannan binciken na Nijar, da takwaransa a kan dawa, sun nuna wani abin kuma da ya kamata a faɗa: a tsakanin waɗancan shekaru gadon hatsin bai ragu yadda ake tsoro ba. Labari ne mai daɗi, amma dalilinsa shi ne manoma ba su daina shukawa da musayar iri ba. Inda haɗarin yake shi ne inda gonar kanta ko mai ita ya gushe, kuma arewacin Kamaru ya ga haka. Madatsar ruwa ta Lagdo, da aka kammala a 1982, ta kawo lantarki da kifi da noman rani, amma ta rage ambaliyar da ke jiƙa karal ɗin kwarin Binuwai, gonakin muskuwari da dama a ƙasan madatsar suka tashi daga aiki. A yankin auduga, inda kamfanin SODECOTON mai hedikwata a Garwa ke ba da taki bashi tun bayan kafa shi a 1974, masara ta karɓe fili mai yawa daga dawa mai jinkiri, saboda ta fi amsa taki kuma tana nuna da wuri. Tun wajen 2014 rikicin Boko Haram ya tayar da ƙauyuka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon da Shari, kuma wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar damin iri. Irin agajin da za a ba shi a sansani nau'i ɗaya ne ko biyu. Ga kuma doka: ƙa'idar rajistar iri tana neman ya zama bai ɗaya, ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara, sharaɗin da dawar Wante ba za ta taɓa cikawa ba, domin rashin cika shi ne amfaninta. Irin da ba shi da rajista kuwa ba ya shiga sayayyar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji.

Gyaran ba ya neman kuɗi masu yawa. Cibiyar binciken noma ta IRAD tana da tashoshi a Garwa da Marwa, akwai jami'a a Ngawundare da Marwa, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Ɗalibansu na iya bin karal ƙauye-ƙauye su rubuta kowane nau'i da sunansa da ƙasar da yake so, daga bakin maza da matan da ke zaɓen iri, a ajiye kwafi a rumbun sanyi, a kuma rubuta sunan ƙauyen da ya fito don a san masu shi ranar da ya yi amfani. Masu kiwon iri su sa juriyar ƙuduji a cikin dawar da mutane suka riga suka yarda da tuwonta, su bar mata auna yininta, su yi gwajin a gonar manomi shi ma yana da ta cewa. A buɗe wa irin gargajiya rajista tasa mai sassauci. Masu rabon irin agaji kuma, kafin su yi odar buhuna daga nesa, su fara zagaya kasuwannin Pitowa da Gidar da Mora su sayi irin da mutanen yankin suka sani, su mayar wa waɗanda suka rasa nasu kafin ruwan shuka ya sauka.